Yana Hadda a Islamiyya, Amma Ba Ya Iya Kwafar Rubutun Aji: Ko Idonsa Ne?

"Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, muna zaune a Agege. Ɗana na biyu shekararsa 7, yana aji biyu na firamare. A Islamiyya malaminsa kullum yabonsa yake, ya fi 'yan ajinsu hadda. Amma a boko littafinsa rabi da rabi yake dawowa da shi. Malamarsu ta ce ba ya kwafar abin da aka rubuta sai ya leƙa na kusa da shi, ko ya taso ya tsaya gaban allo. A gida kuma sai ya manne wa talabijin yana ƙanƙance ido. Babansa ya ce shiririta ce, har ya sha dukansa a kai. Surukata kuma ta ce kada a kuskura a sa masa gilashi, wai ƙarasa kashe ido yake yi. Shi kuwa in na tambaye shi sai ya ce yana gani lafiya lau. Yaya zan gane ko idonsa ne? Ina kuma da jaririya 'yar wata 5, me ya kamata in lura da shi a wurinta?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko abin da yaron yake yi alamar matsalar gani ce, ko gilashi yana cutar da idon yaro, da kuma yadda ake gane lafiyar idon jariri da bai iya magana ba. Kafin komai ina roƙon ki faɗa wa maigida, cikin ladabi, ya dakata da dukan nan har a auna idon. Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da na yaran da nake gani a ɗakin awo kowane mako, kuma yawancinsu an riga an laƙaba musu sunan daƙiƙi ko malalaci kafin wani ya yi tunanin ido.

Zan fara da amsar da yaron yake ba ki, don a nan iyaye suka fi ruɗewa. Da ya ce yana gani lafiya lau, ba ƙarya ya yi ba. Babba in ganinsa ya ragu yakan gane, domin yana da jiya da zai gwada da yau. Yaro kuwa da irin ganin da ya buɗe ido ya tarar, da shi ya san duniya. In rubutun allo dishi-dishi yake zuwar masa, ɗauka yake haka kowa yake ganinsa, sai dai ya yi mamakin yadda abokansa suke gama kwafa kafin shi. Shi ya sa ba a jiran yaro ya kawo ƙorafi. Ɗabi'unsa ake karantawa.

Abin da alamun ɗanki suke nunawa

Ki lura da allo biyu da ke cikin rayuwar yaron nan. Na Islamiyya, ko allon katako ne ko Alƙur'ani, a hannunsa yake, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga fuskarsa, sauran karatun kuma da kunne ake ɗaukarsa. Na boko yana can jikin bango, taku bakwai ko takwas daga bencinsa, a aji mai cunkoso, wataƙila ma babu wuta kuma tagar ɗaya ce. Yaron da ya yi fice a na kusa ya gaza a na nesa, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta wanke kanta. Abin tuhuma shi ne hangen nesa.

Mafi yawan lokaci dalilin shi ne ƙwayar idon ta ɗan fi ƙima tsawo daga gaba zuwa baya. Hasken da ya shigo daga abu mai nisa sai ya haɗu tun kafin ya isa shimfiɗar bayan ido inda ake ɗaukar hoto, hoton ya isa a watse. Na kusa kuwa yana sauka daidai. Ƙanƙance idon da yake yi dabara ce da ya gano da kansa: in ya matse fatar ido, ƙofar shigar haske ta zama 'yar siririya, hoton yakan ɗan fito. Wannan matsala takan fara bayyana a shekarun firamare, takan ƙaru yayin da yaro yake girma, ta lafa wajen shekara 20. Tana bin jini, don haka ki duba ko a danginki ko na maigida akwai masu sa gilashin hangen nesa tun suna ƙanana.

Akwai wasu kala biyu da za su iya ba da alamu makusanta. Wani yaron ƙwayar idonsa gajeruwa ce. Shi yana iya gani, amma da yunƙuri, naman cikin idon yana ta aiki ba hutu. Irinsa ne ke kukan ciwon kai bayan an taso makaranta, ya riƙa murza ido, ya ƙi jinin aikin gida, layi ya riƙa ɓace masa sai ya bi da yatsa. A ƙananan yara 'yan shekara 2 zuwa 3 wannan yunƙurin ne kan ja ido ɗaya ya karkata wajen hanci. Wani kuma fuskar baƙin idonsa ce ba ta zagaye daidai ba, ta yi siffar ƙwai maimakon ƙwallo, sai na kusa da na nesa duka su yi masa inuwa-inuwa, ya riƙa karkatar da kai yana neman inda hoton ya fi fita. Dukkan ukun gilashi ne maganinsu.

Daga wasiƙa ba zan iya yanke miki wanne ne ba, kuma ba zan rantse cewa ido kaɗai ne ba. Na ga yaran da idonsu garau amma kunne ne ba ya ji sosai, na ga waɗanda haruffa ne suke rikice musu ko da suna ganinsu tar, na ga wanda yunwar safe ce kawai. In awo ya nuna idon lafiya yake, sai a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin da za ki iya yi yau da rana

Ki samu farar takarda da baƙin biro mai kauri. Ki zana harafin E guda biyar ko shida, tsayin kowanne ya kusa santimita 2, faɗinsa daidai da tsayinsa, amma ki juya su: wani ƙafafunsa na kallon sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Ki manna a bango inda haske yake sosai. Na san ɗakunan haya na Legas ba su da tsawon mita 6, don haka ki fita baranda ko tsakar gida, ki auna kamar taku takwas na babba. Ki rufe masa ido ɗaya da kofi ko murfin roba. Kada ki bari ya rufe da tafin hannunsa, yara gwanayen leƙe ne ta tsakanin yatsu, kuma in ya danne idon zai yi dishi-dishi in an buɗe. Ki nuna harafi, shi kuma ya nuna da hannunsa inda ƙafafun suka dosa. Sai ki sauya ido. Ki gwada yayansa a wuri guda don ki sami abin kwatance.

Girman nan shi ne kusan layin da muke kira 6/12 a allon awo, irin wanda wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro a 1862. Lafiyayyen ido yana karanta rabin wannan girman daga mita 6, shi ne 6/6. Ɗan shekara 7 da ya kasa 6/12 da ko wanne ido yana bukatar awo. In ya kasa, ki ƙara wani abu: ki huda kwali da allura mai kauri, ya leƙa ta hudar. In haruffan suka fito masa, alama ce mai ƙarfi cewa gilashi zai gyara. In kuma ya ci gwajin duka, duk da haka ki kai shi, don mai gajeruwar ƙwayar ido yakan ci wannan gwaji da yunƙuri.

Na nace a kan ido ɗaya-ɗaya ne saboda abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki. Ba da cikakken gani ake haihuwar mutum ba. Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. In ido ɗaya yana aiko mata da hoto mai kyau, ɗayan yana aiko da gurɓatacce, ko don karkata, ko don yanar ido, ko don bambancin ƙarfin idanun biyu, sai ta yi watsi da na biyun, ta daina sauraronsa. Idon yana nan fes a fuska, ba ja ba ƙwantsa, amma ya zama rago. Yaron yana wasansa, yana karatunsa da ɗaya idon, ba wanda ya sani. Cikin yara ɗari akan sami biyu ko uku da wannan.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 13 da mahaifinta, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ya kawo mini don ƙaiƙayin ido kawai. Da na rufe mata idon dama na ce ta karanta, sai ta yi shiru, ta ɗaga hannu za ta ture murfin. Babban harafin da ke can sama kaɗai ta iya gani. Uban ya miƙe tsaye daga kujera, ya ce, "Likita, wallahi ba ta taɓa faɗa ba." Ita ma ba ta sani ba sai ranar. Da a shekara 4 aka kawo ta, gilashi da liƙe lafiyayyen idon na 'yan sa'o'i kullum, don a tilasta wa ragon aiki, da sun dawo da mafi yawan ganin. A shekara 13 mun gwada, mun samu ɗan ci gaba, amma ba kamar yadda za a samu da wuri ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗanki yana bakin wannan iyaka, shi ya sa ba na son a ce sai an yi hutun ƙarshen shekara.

Maganar Hajiya babba a kan gilashi

Surukarki ba ita kaɗai ke da wannan fahimta ba, kuma akwai abin da mutane suka gani da ya sa suke faɗa. Sun ga yaro ya fara sa gilashi, bayan shekara an ƙara masa ƙarfi, bayan wata shekarar an sake ƙarawa, sai suka ce gilashin ne ke cin idon. Alhali ƙwayar idon ce ke ƙara tsawo tare da girman jiki, ko ya sa ko bai sa ba, kamar yadda ƙafarsa ke fin takalmin bara. Sun kuma ga in ya cire yana laluben abin da da yake gani. Wannan don ya ɗanɗana gani na gaskiya ne, ya daina yarda da dishi-dishi. Har ila yau gilashin hangen nesa yana sa ido ya yi kamar ya ƙanƙance in an kalle shi ta ciki, sai a ce idon ya faɗa. Gilashin da aka auna daidai ba ya raunana ido. A ƙaramin yaro ma rashinsa ne ke jawo ragon ido.

Shawarata, ku tafi da ita ranar awon. Na ga tsofaffi da yawa sun sauko da kansu a ɗakin nan. Wani yaro daga Idi-Araba, sa'an ɗanki, da na ɗora masa firam ɗin gwaji na zura gilasan, sai ya juya wajen taga ya yi tsit. Can ya ce, "Kaka, ashe akwai rubutu a jikin danfo." Shekararsa nawa yana shiga motocin nan, launin rawaya kawai yake gani. Kakar da ta shigo tana cewa ba a sa wa jikanta kwalba a fuska, ita ce ta zaɓa masa firam.

Abin da zan hana shi ne gilashin kan tebur, irin wanda ake sayarwa a Oshodi da bakin kasuwanni. Wancan na manya ne da suka haura shekara 40 suke son karanta ƙananan rubutu. Kada kuma a ba shi na yayansa. Idon yaro ana auna shi ne bayan an ɗiga maganin da ke kwantar da naman cikin ido, don in ba haka ba yunƙurinsa yakan ɓoye ainihin awon. Maganin zai buɗe tsakiyar baƙin idon, ya sa shi ganin dishi-dishi da gudun rana na yini ɗaya ko fiye, ya danganta da irin wanda aka ɗiga. Kada ki tsorata, yana wucewa. A nan Legas akwai Cibiyar Ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na jihar Legas, wato LASUTH, da ke Ikeja, ga kuma asibitocin ido masu zaman kansu. Ki yi sammako, ki ɗauki abincinsa, don layi yakan yi tsawo. In kun je gida hutu, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

Talabijin da waya kuwa, zama kusa da talabijin alama ce ta matsalar fiye da zama sanadinta. Amma yawan duƙufa kan abu na kusa da ƙarancin fita waje suna da hannu wajen ƙaruwar matsalar hangen nesa. Yaranmu na Legas daga aji sai lesin, sai Islamiyya, sai ɗaki da waya. A samar masa kamar awa biyu a waje cikin hasken rana kullum, ko ƙwallo ce a layi, kuma in yana karatu ya riƙa ɗaga kai bayan kowane minti 20 ya hangi nesa.

Jaririyar

A wata 5 ya kamata ta riƙa kafa miki ido in kina shayar da ita, ta yi murmushi in kin yi mata ba tare da kin yi magana ba, ta bi abu mai launi da ido daga gefe zuwa gefe, ta fara miƙa hannu ta kama. Ki gwada da abin da ba ya ƙara, don kada ta bi sauti ki zaci gani ne. Ki rufe mata ido ɗaya da tafinki, sannan ɗayan. In ta yi shiru da kika rufe na hagu amma ta tsala kuka tana ture hannunki da kika rufe na dama, to da na daman take gani, a duba na hagun. Karkatar ido jefi-jefi a watanni ukun farko ba abin damuwa ba ce. Amma harara-garke da ta wuce wata 4, ko wadda take nan kullum, ba a cewa za ta miƙe in ta girma, kuma ba kallon fitila ko gado daga kaka ne za a bari a kai ba. Haka idon da ke rawa ba ya tsayawa wuri guda.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Na farko, fari a tsakiyar baƙin ido, ko ƙyalli kamar idon kyanwa da dare. Wani lokaci a hoton waya ake fara ganinsa, in an ɗauka da filasha: ido ɗaya ya fito ja ko baƙi, ɗayan fari. Yana iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita, wadda ake son a cire cikin makonnin farko na rayuwa, yana kuma iya zama sankarar bayan ido, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan sankara tana warkewa in an kama ta da wuri, tana kisa in an yi jinkiri, kuma abin baƙin ciki a ƙasarmu sau da yawa sai ido ya kumburo waje ake kawo yaro. Ki buɗe hotunan suna da na sallah da ke wayarki ki duba idanun yaranki duka.

Na biyu, jariri mai dara-daran idanu fiye da kima, da yawan hawaye, yana gudun haske yana cusa fuska a ƙirjin uwa, baƙin idon ya yi hazo. Mutane sukan yaba kyan idon, alhali ruwan cikin ido ne ya taru yana buɗa shi, hawan jinin ido na jarirai ke nan, kuma aiki yake bukata. Na uku, jaririn da bai cika wata ba idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya. Wasu ƙwayoyin cutar da ake ɗauka wajen haihuwa suna iya huda baƙin ido cikin kwanaki kaɗan. Bakwaini kuma, musamman wanda ya kwanta a kwalba aka sa masa iskar oksijin, dole likitan ido ya duba bayan idonsa kafin ya cika wata guda, ko da idon fes yake a waje.

In ta kai wata 6 a karɓa mata ɗigon bitamin A, a ci gaba duk bayan wata shida har shekara 5, a kuma yi mata allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15. Ƙyanda da ƙarancin bitamin A su ne suka bar hakiya a idon yara da yawa a garuruwanmu. Yaron da ke tuntuɓe da magariba, ko ya ƙi motsi in an ɗauke wuta alhali sa'o'insa suna yawo, dundumi ne ake tuhuma. Manja, karas, gwanda, mangwaro, zogale, alayyafo, ƙwai da hanta duk suna taimakawa, kuma ba abin da ya fi manja sauƙin samu a Legas.

Abin da ake zubawa a ido

Da yawa daga cikin idanun da na kasa ceto, ba cutar farko ce ta kashe su ba, abin da aka zuba ne. Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, har fitsari in ana annobar Apolo. Kada ko ɗaya ya shiga idon yaro. Kwalli ma ina roƙon a ɗaga wa jarirai. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga tozalin da aka kai daga Najeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ga tsinken da ake zagayawa da shi daga ido zuwa ido.

Sai maganin kemis. Akwai wani ƙaiƙayin ido da ke damun yara maza musamman, farin idon ya koma ruwan ƙasa, yaro ya yi ta murza kamar zai ƙwaƙule shi, ya lafa ya dawo shekara da shekaru. Uwa takan je kemis a ba ta ɗigo mai sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone, cikin kwana biyu ido ya washe, sai ta mai da shi abin ajiya a jaka. Watanni ana ɗigawa, matsin cikin ido yana hawa a ɓoye, jijiyar gani tana mutuwa, ko yanar ido ta fito. Na auna wani ɗan shekara 10 da aka yi wa haka kusan shekara biyu. Ƙaiƙayin da ma zai bar shi in ya balaga, amma ganin da ya tafi a idonsa na hagu ba zai dawo ba. Uwar tana kuka tana cewa taimakonsa take yi, kuma gaskiya ta faɗa. In ɗanki yana murza ido, ki sa masa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan fatar idon, ki kawo duk kwalbar da aka taɓa ɗiga masa mu gani.

Kafin ranar awo, ki je makarantar da kanki ki roƙi malamarsu ta dawo da shi bencin gaba, gefen da hasken taga ba ya haske allon. Ranar da za ku zo ki taho da littafin da yake kwafa a ciki, da katin rigakafin jaririyar, ita ma a haska idonta tunda kun riga kun zo. In yana da sikila ko an haife shi bakwaini, ki faɗa tun kafin a tambaye ki. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a dace.